Kwalbar Bayan Rumbu

"Tasi'u, ka duba kwalbar?"

Abin da Malam Abdulmumini ya fara tambaya ke nan, alhali kwana uku ko koko ya kasa haɗiyewa. Haushi ya kama Tasi'u, maƙwabcinsa da danga ɗaya ta raba su. Mutum na kwance rai a hannun Allah, amma hankalinsa na kan kwalba!

"Na duba, Malam. Ruwan jiya ya kai gaɓa biyu ta yatsa."

"Ba a awo da yatsa. Ɗauki rula."

Shekara ashirin da shida Malam ya yi yana koyar da labarin ƙasa a sakandaren garin. Ya kafa kwalba da mazurari a bayan rumbunsa, duk ruwan da ya sauka sai ya auna ya rubuta, har ya cika littafi goma sha ɗaya. Da su yake nuna wa ɗalibai yadda damina ke sauya hali, ya kuma kai su bakin kwazazzabon da ke cinye gonakin gero. Ladan da ya samu shi ne takardar gargaɗi, wai ya bar manhaja yana yawo da 'ya'yan mutane a jeji.

"Ka kai littattafan nan ofishin ilimi," in ji Malam, numfashinsa na sarƙewa. "Ka ce a miƙa wa masu bincike. Kada gara ta cinye min su."

Da hantsin Laraba ya cika.

Bayan sadakar uku, Tasi'u ya ɗaure littattafan a bayan keke. Da ya isa ofishin ya tarar Kamaruddeen ne a kan kujerar shugaba, tsohon ɗalibin marigayin, sai ransa ya yi sanyi. Ashe ya yi saurin murna, don Kamaruddeen ko igiyar bai kwance ba.

"Baba, an taɓa buga wannan a wata mujalla?"

"Oho. Ni dai na san in Malam ya ce kada a yi shuka tukuna, wanda ya ƙi ji sai ya sake iri."

"Ai bincike yana da ƙa'ida, Baba. Kwalbar lemo ba kayan awo ba ce. Allah Ya ji ƙan Malam, mutumin kirki ne."

Tasi'u bai ce amin da ƙarfi ba. Ya mayar da littattafan bayan keke, ya koma da su gida.

Da la'asar aka sheƙe da ruwa. Yana ɗaukewa, Tasi'u ya zagaya bayan rumbu da rular Malam. Bai san lambobin boko ba, sai ya dafe inda ruwan ya tsaya da farce. Ya buɗe shafin da marigayin ya tsaya, ya ja layi daidai tsawon, ya zubar da ruwan, ya mayar da mazurarin bakin kwalbar.