Jan Kabad Bai Shiga Ba

"Ku ɗan karkata shi," in ji shugabar sashen magunguna, wadda duk asibitin ke kira Uwar Magani.

Leburori suka karkata jan kabad ɗin, suka tura, suka yi nishi. Ya wuce ƙofa da ƙyar, amma da ya shiga sai aka rasa bangon da za a jingina shi. Kantoci sun cinye gefe ɗaya, firjin allurai ya cinye ɗayan, tagar ba da magani ta ɗauki gaba. Dole aka sake fitar da shi baranda.

Ba haka aka zana ɗakin ba. Ita da injiniya suka zauna bara, ta nuna masa inda za a sauke kaya, inda za a haɗa magani, da lungun da jan kabad zai tsaya shi kaɗai. Sai aka samo sabuwar na'urar ɗaukar hoto, aka rasa inda za a kai ta, aka ja bango aka raba sashenta biyu. Ita ce ta ƙarshe da ta ji labari, kamar yadda aka saba.

A cikin jan kabad ake kulle ruwan potashiyam mai ƙarfi, wanda idan aka tura shi cikin jijiya ba a surka ba, zuciya ke tsayawa. 'Yan kwalabensa kuwa kamar an tsaga kara da na ruwan allura, wanda nas-nas ke karɓa duk yini. Dalilin nisanta su ke nan.

Ta hau ofishin darakta, ɗaki mai faɗin da za a iya yin sukuwa a ciki.

"Ranka ya daɗe, kabad bai shiga ba. Doka kuma ta hana a bar maganin a baranda."

"To a ɗora shi kan kanta mana, ranki ya daɗe. Na ɗan lokaci ne."

"Kanta ɗaya ta rage, kuma ta ruwan allura ce."

Ya yi dariya. "Ma'aikatanki ba makafi ba ne. Sun iya karatu ai."

Ta sauko ranta a ɓace. Ta san "na ɗan lokaci" a asibiti, yakan yi jika. Ta ɗauki kwalin potashiyam, ta naɗe bakinsa da jan tef, ta tura shi can ƙarshen kantar. Tazarar da ke tsakaninsa da kwalin ruwan allura ba ta kai tafin hannu ba.

"Kawu, don Allah ka duba kafin ka ɗauka," ta ce wa dattijon da ke ba da magani a taga.

"Haba 'yata, tun kina goye nake wannan aiki. Hannuna ya fi idona gani."

Abin da take tsoro ke nan. A tsohon ɗaki, ruwan allura na ƙarshen kanta ta dama, kuma hannun Kawu can yake zuwa da kansa yana hira. Yau a ƙarshen kanta ta dama ba ruwan allura ba ne.

Ta yi niyyar tsayawa kusa da shi, amma motar kaya ta iso, babu wurin saukewa, aka jibge kwalaye a rana. Ta fita rigima da direba. Da ta dawo, rana ta karkata, layi ya kai bakin matakala, sai ta hangi wata nas daga ɗakin maza tana barin taga da tire a hannu. A ɗakin maza mijinta yake kwance tun shekaranjiya, ana yi masa ƙarin ruwa.

"Sista, na wane gado ne?"

"Na maigidanki ne ma, Anti. Lokacin allurarsa ya yi." Ta shige lif, na'urar hawa bene.

Uwar Magani ta kwasa da gudu. Ba ta san lokacin da ta yar da takalminta ba. Ta hau matakala tana haki, ta tarar da nas ɗin ta riga ta fasa kwalba tana zuƙa cikin sirinji. Ta fizge kwalbar, ta kai ta ido. Ruwan allura ne.

"Lafiya, uwar yara?" in ji mijin, yana murmushin marar lafiya. "Ko kewata ce ta hana ki takalmi?"

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta yi hamdala, ta sauko a hankali. Ta yanke shawara a kan hanya: kwalin nan a ofishin darakta zai kwana, tunda can ne kaɗai ke da fili.

Ta raɓa ta bayan Kawu, don mutum biyu ba sa wucewa a jere a ɗakin, ta miƙa hannu ƙarshen kanta. Jan tef ɗin a yage yake. Ta buɗe kwalin. Gurbi ɗaya babu kwalba.

"Kawu," ta ce, muryarta can ƙasa, "wa da wa suka karɓi ruwan allura yau?"

Bai ko waiwayo ba, hannunsa na kan aiki. "Wa zai tuna, 'yata? Ai tun safe ake zuwa."

Ta tsaya da kwalin a ƙirji. Can a bene na sama, a ɓangaren yara, ta ji ƙafafu sun fara gudu.