Esin Ɗakin Baba

Tun da aka sallamo Baba daga asibiti bai yi barcin kirki ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, ga zafin da ko fanka iskar wuta take hurawa. Ma'aikaciyar jinyar da ta leƙo da safe ta ja Auta gefe, ta ce fatar bayan mahaifinta ta fara saluɓewa saboda gumi, kuma numfashin nan da yake yi sama-sama bai kwanta mata ba. Dole a sanyaya ɗakin.

Abin takaicin, ga esi nan a bango. Gyaran esi ne sana'ar Baba. Shi ya ciro shi daga falo, ya kafa a ɗakinsa, ya haɗa bututu da waya, saura ya ɗura gas ciwon ya kayar da shi.

Auta ta kira duk wani mai gyara da ke cikin wayarsa. Wannan ya ce jibi, wancan ya ce sai mako mai zuwa, wani ma bai ɗauka ba. Da azahar ta tarar da Baba ya buɗe baki yana haki, zanen gado sharkaf. Sai ta nufi sito, ta jawo akwatin aikinsa da tukunyar gas.

Goggo, ƙanwar Baba, ta daina yi masa fifita. "Ke Auta, tela ce fa ke. Ko kwan fitila sai an canja miki. So kike ki tashi gidan da mu a ciki?"

"Goggo, dube shi. Zai kai jibi a haka?"

Goggo ta dube shi. Tare suka tura gadon zuwa bakin taga, don injin esin na waje a ƙarƙashinta yake.

"Baba, ni zan yi, kai ka nuna mini."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya nuna shuɗin tiyo.

A waje siminti na ƙona tafin ƙafa. Ta ɗaura tiyon a inda ya nuna, ta ɗaga agogon awo saitin tagar don ya gani. Maganarsa ba ta fita, sai Goggo ta kara kunne ta fassara.

"Wai famfo. A zuƙe iskar ciki tukuna."

Famfon ya yi ta gurnani, allurar agogon ta sauka ƙasa. Baba ya sa ta rufe, ya sa ta jira. Tana tsugune gumi na shiga idonta, sai ta ga allurar tana hawowa a hankali. Ta nuna masa. Ya runtse ido ya kawar da kai.

"Me ke nan? Baba, me ke nan?"

"Wai yoyo yake," in ji Goggo.

Auta ta jijjiga tukunyar. Ba ta da nauyi, abin da ke ciki bai kai rabi ba. Duk da haka Baba ya ce a saka kaɗan, a shafa kumfar sabulu a mahaɗa. Ta shafa nan, ba komai. Ta shafa can, ba komai. Daga ciki ta ji tarinsa ya sarƙe, Goggo na salati tana bubbuga masa ƙirji. Auta ta miƙe za ta ruga, sai ta ga hannunsa a jikin ƙarfen taga yana nuna mata ƙasa, wato ta koma.

Ta koma tana kuka, tana shafa kumfa. A bayan wani noti, inda ido ba ya kaiwa sai ta kwanta a ƙasa, kumfar ta kumbura ta fashe, ta sake kumbura.

"Na gan shi!"

Ta sa sifana ta ɗaure iya ƙarfinta, har sai da Baba ya buga ƙarfen taga alamar ya isa. Aka sake kunna famfo, aka sake jira. Wannan karon allura ba ta motsa ba.

Ta mayar da tiyo kan tukunya, ta buɗe gas, Goggo ta danna rimot. Injin ya yi shiru kamar ba zai tashi ba, har Auta ta dafe kai, sannan ya girgiza ya kama. Tana buɗewa kaɗan tana rufewa, idonta ɗaya a kan allura, ɗaya a kan yatsan Baba. Yatsan na cewa ƙara, ƙara. Can tukunyar ta daina huci. Ta karkata ta, ta girgiza ta, babu sauran komai, allura kuwa ba ta kai inda yake so ba.

"Ya ƙare, Baba. Wallahi ya ƙare." Ta zauna daɓas a kan simintin.

Ya yi wata magana mai tsawo. Goggo ta ce, "Wai taɓa babban bututun."

Ta taɓa. Da sanyi, ba can ba, amma da sanyi, har raɓa ta fara tsattsafowa. Garin cire tiyon ragowar gas ya fesar mata a yatsa, fatar ta yi fari fat, ba ta ma ji zafin ba sai daga baya.

Suka rufe taga, suka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ɗakin bai yi sanyin da Baba ke yi wa mutane ba, amma kafin la'asar gumin goshinsa ya bushe, bakinsa ya rufu, ya yi barci har da minshari.

Mai gyaran da ya ce jibi bai zo ba sai bayan kwana huɗu. Ya cika gas ɗin, ya ce notin ya ɗauru fiye da kima, dole wata rana a sake bakin bututun. Auta na riƙe da yatsanta a naɗe cikin bandeji ta ce ya sake shi yanzu, tana kallo.