Gangar Hawa na Bakwai

Shekara uku ban taka gidan Baba Hoyt ba, alhali tsakaninmu tafiyar minti goma ce a mota. Sai ga matarsa, Mama Verna, ta tare ni a bakin coci.

"Delbert, ran Asabar tsohon zai cika saba'in. Ka zo. Kada ka ce mini aiki, na san ƙaryarka tun kana da gashi a ka."

Na ce to.

Baba Hoyt ne ya koya mini aikin ɗanɗana burbon, wato wuskin masara, a kamfanin da nake aiki, nan bayan garin Bardstown. Shekara ashirin ina bin sa daga ganga zuwa ganga, yana zagina yana koya mini. Sai ya yi wata muguwar mura, ta tafi da hancinsa gaba ɗaya, ya daina jin ƙamshi. Ya ɓoye. Ni kaɗai na gane, ranar da ya yaba wata ganga mai warin jiƙaƙƙen kwali. Na rufa masa asiri wata takwas, sannan na je na faɗa wa manaja. Aka sallame shi da kyautar agogo da tafi, aka ba ni kujerarsa. Na sha gaya wa kaina don kamfani na yi. Allah ya sani, kujerar ma ina so.

To me za ka kai wa mutumin da ka yi wa haka? Matata Lurleen ta ce in saya masa rigar sanyi. Rigar sanyi! Na ce da ita ta bar maganar kawai.

Kamfani yana barin mai ɗanɗanawa ya cika kwalba ɗaya daga gangar da ya ga dama, sau ɗaya a shekara. Na ɗauki bututun tagulla na ɗibar wuski na shiga sito. Na fara da hawa na biyu, inda sanyi yake, wuskin yana fitowa da laushi da ƙamshi kamar na fure. Har na cika kofi sai na tsaya. Kai, Delbert, ba ka da hankali ne? Ƙamshi za ka kai wa wanda ba ya jin ƙamshi? Ai wannan cin fuska ne.

Sai na hau sama, ina haki. A hawa na bakwai rufin kwano yana gasa ganguna duk bazara, ruwa yana gudu ta jikin katako, abin da ya rage ya yi ƙarfi. Wanda hancinsa ya mutu ma zai ji wannan, domin ƙuna a harshe da ƙirji ba ruwanta da hanci. A lungun yamma na ga wata ganga da alamar alli, ƙaramin gicciye da ɗigo biyu. Hannun Baba Hoyt ne. Haka yake yi wa gangar da yake so a ƙyale ta ta tsufa. Shekararta goma sha biyu, na wuce ta ya fi sau ɗari ina kau da kai. Na auna, ƙarfinta kashi sittin da shida cikin ɗari. Na cika kwalba, ban tace ba, ban ƙara mata ko ɗigon ruwa ba.

Ran Asabar na same shi a baranda bayan an ci wake da burodin masara, baƙi sun koma ciki wajen kek. Ya rame. Ya dube ni sama da ƙasa.

"A'a, manya. Ashe kana raye. Kujerar ta karɓe ka, dubi tumbi."

Na miƙa masa kwalbar. Babu takarda a jikinta, da gangan. Ya zuba kaɗan a kofi biyu, ya kai nasa hanci kamar yadda ya saba, baki a ɗan buɗe. Na ga fuskarsa ba ta motsa ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ya kurɓa, ya tauna shi a baki, ya haɗiye. Ya jira har wuskin ya sauka ƙirji.

"Hawa na bakwai," ya ce. "Gefen yamma. Tawa ce?"

"Taka ce, Baba."

"Ka yi wayo, ɗan banza. Ka kawo mini wadda zan iya ji."

Nan na kasa riƙewa. "Baba, ni ne na je wajen manaja."

"To da wa zai je? Verna?" Ya ajiye kofin. "Duk kamfanin hanci biyu ne, nawa da naka da na ƙera. Da ba ka gane ba, da na ce shekara ashirin na yi ina koyar da jaki. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba. Wata biyu ina tsine maka. Daga nan ya wuce."

"Na ɗauka ba ka son ganina."

"Ka ɗauka. Ka tambaya?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Verna ta ce duk wuski warin fenti yake. 'Ya'yana lemon kwalba suke zuba masa. Shekara uku, Delbert, ba wanda zai zauna ya gaya mini yadda abu yake ƙamshi. Kai kaɗai ka iya. Kowace Lahadi sai in fito da kofi biyu, in mayar da ɗaya."

Duk tsawon lokacin nan ina jinyar laifin da ya riga ya yafe, ina tafka wani sabo kowane mako.

Ya tura mini kofina. "Shekara goma sha biyu nake jiran gangar nan. Shinshina ka gaya mini. A hankali, kada ka tsallake komai."

Na ɗaga kofin na kai hanci. Na ja numfashi, na sake ja. Hawaye sun toshe mini hanci, ban ji komai ba.

"Ba ni minti ɗaya, Baba."

"Ɗauki lokacinka," ya ce, ya gyara zama. "Ni na saba jira."