Kukan Baturiya a Shagon Ɗahiru

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, Ɗahiru tela ya sayo bidiyo a hannun wani direban Kalgo, ya girke shi a shagonsa na kasuwar Gwandu. Tun daga ranar ɗinki ya zama sai an ga dama. Yawancin kaset ɗinsa na wata Baturiyar Amurka ne, 'yar wasa, muna ce mata Mai Jan Gashi. Mun gan ta alƙaliya, mun gan ta likita, har jirgin sama mun ga ta tuƙa, tun tana budurwa har fuskarta ta fara tattarewa. Ni dai ban taɓa ganin mace mai baiwa irin tata ba.

Dije, Bafulatanar Dalijan mai kawo nono, ba ta cikin 'yan kallo. Ɗanta na fari ne ruwa ya ci da damina, wajen ƙetarar da shanu. Kowa ya san kunyar ɗan fari: yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, da aka kawo gawarsa ma ko ƙwalla ba ta yi ba. Aka yi ta yabonta, ita kuwa sai ramewa take kamar kazar mayu.

Wata ranar kasuwa da hantsi ta sauke ƙwarya a bakin shagon za ta auna wa Ɗahiru nono, sai idonta ya faɗa kan talabijin. Baturiyar na durƙushe a asibiti, ta rungume gawar wani saurayi, tana ƙwala masa kira a gaban mijinta da likitoci.

"Ɗahiru, wagga mata ɗanta na?" in ji Dije.

"A'a Inna, wasa na. Aikinta ke nan, shekara da shekaru."

"Na hwari?"

"Cikin wasan, na hwari na."

"Kuma tana kiran sunanai, ba a hana ta ba?"

"Wa ka hana ta? An ce har kyauta anka ba ta kan wanga kuka."

Dije ta mayar da ludayi cikin ƙwarya.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ɗan wata, amma ta yi mai kuka haka."

Sai ta zauna a kan dakali ta ce, "Maido shi baya."

Ɗahiru ya mayar. Baturiyar na buɗe baki, Dije ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. A ƙarƙashin kukan Baturiyar muka ji wata murya a dishe tana cewa, "Hamidu. Hamiduna."

Dukanmu muka kafa wa talabijin ido, babu wanda ya waiga. Ɗahiru ya miƙa hannu ya ƙara sauti.