Jan Mai a Ƙofar Gidan Illo

Akwai kunyar da take ado ga mutum, akwai kuma wadda ɓarna ce zalla: ka ga abu zai lalace a gaban idonka, ka san maganar da za ta tsare shi, ka haɗiye ta don kada a ce ba ka da tarbiyya. Wannan ta biyun ita ta kama Illo ranar wata Lahadi, a ƙofar gidansa da ke Kirkisoye.

Tun hantsi yake kwance rigingine bisa kwali a ƙarƙashin motarsa, wadda ya ɗaga da kirik, wato jak, ya tokare da kututture biyu. Doguwar mota ce fara, irin waɗanda ake saukewa a Kwatano, mai canza giya da kanta. Da ita yake kwasar 'yan lakkol, wato yaran makaranta, daga Kirkisoye da Lamorde, ya tsallaka gadar kogi da su da safe, ya maido su gida. Gobe Litinin ake komawa karatu bayan dogon hutu, iyaye kuma sun riga sun ba shi kalma. Sai dai tun cikin damina bwat ɗin motar, wato akwatin giyarta, ya fara yi masa gardama. In ya saka ta a gaba sai ta tsaya kamar mai tunani, sannan ta zabura. Babu uwar da za ta ba da ɗanta ga motar da ke zabura, kuma masu motocin yara sun yi yawa a Yamai. Wanda bai zo ƙofa ranar farko ba, wani zai zo.

Jiya ya je Tallaje ya sayo sabon filtar mai tace man bwat, da juwan, wato baƙar robar da ke zama tsakanin bwat da tasar ƙarfen da ke rufe ƙasansa, da galan na jan mai. Nassirou mai shagon ya riƙe masa hannu kafin ya fita, ya nuna masa kile, wato sifanar da ake ɗaure bulon da ita, ƙusoshin murɗawa masu riƙe tasar, ya ce, "Illo, wannan ba taya ba ce. Da yatsu uku za ka riƙe kile. Da ka ji bulon ya kama, ka sake shi. In ka matse, robar ta mutu."

"Madina!" ya kira matarsa daga ƙarƙashin motar. "Miƙo min roba, mai zai zubo."

Ta leƙo daga ƙofa. "Ba robar wankina ba dai, Baban Huda. Waccan ta bara har yau tana warin gareji."

"To kawo tsohuwar, ta awaki."

"Awakin su sha ruwa a tafin hannunka?"

Duk da haka ta kawo. Ya sassauta bulon na gefe ɗaya, tasar ta karkata, tsohon mai ya tsiyayo baƙi ƙirin yana warin ƙauri. Ya sauke tasar a hankali, ya wanke ta da fetur, ya goge ɗan maganaɗisun da ke cikinta wanda ya tara garin ƙarfe kamar kwalli. Ya ciro tsohon filtar, ya sa yatsa ya zaƙulo zoben robarsa da ya maƙale a rami, ya shafa wa sabon filtar mai, ya tura shi har ya zauna. Ya kankare ragowar tsohon juwan tas, ya shimfiɗa sabon. Wani maƙwabcinsa Bazabarme ya wuce da buhun abincin tumaki, ya ce masa, "Fonda goy!" Illo ya amsa gaisuwar aikin da murna, don ya san hannunsa na tafiya daidai. Ya mayar da tasar, ya ɗaura bulon duka da yatsu, sannan ya bi su da kile, ɗaya nan ɗaya can gefe, a hankali.

Yana kan na ƙarshe ya ga ƙafafu biyu cikin farin takalmi sun tsaya a gefen motar. Ya san takalmin. Ya fito da sauri har ya buge goshi, ya durƙusa, ya ɓoye hannayensa masu mai a baya.

"Baba, sannunku da zuwa. An zo lafiya?"

Alhaji Tanimu ne, mahaifin Madina, mutumin Maraɗi da ya tsufa a kan tirela tsakanin Yamai da Kwatano, yanzu yana zaune a Lamorde ba abin da ke damunsa sai rashin aikin yi. Shekara bakwai Illo na auren 'yarsa, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

"Aiki ake yi ba a kira mu ba?" in ji Alhaji. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Madina. "Riƙe min, Auta."

"Baba, bayanku fa," ta ce.

"Bayana ya kwanta ƙarƙashin motar da ta fi gidanku tsawo."

Ya shige ƙarƙashi yana nishi, ya karɓi kile ya gwada bulon ɗaya. Ya yi tsaki.

"Wa ya ɗaure wannan? Matata Huda?" Yana nufin jikarsa, wadda ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. "Haka za ka hau ramukan Kirkisoye? Kafin ka kai gada tasar ta faɗi. Samo min guntun bututu in ƙara wa kilen nan hannu."

Maganar Nassirou ta taso wa Illo har maƙogwaro. Baba, wannan ba a matse ta. Kalma shida ce kacal. Ya dubi furfurar da ke kwance bisa kwalinsa, ya dubi ƙasa, ya ce, "To, Baba." Ya shiga gida da ƙafarsa ya ɗauko bututun, ya miƙa da hannu biyu.

Yana tsugune yana kallo Alhaji ya bi bulon ɗaya bayan ɗaya yana ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Robar ta fara leƙowa ta gefen tasa kamar harshe. Can wani bulon ya ce ƙas, kansa ya faɗo kan kwali.

"Wannan daman ruɓaɓɓe ne," in ji Alhaji. "Sauran sun ishe ta."

"Haka ne, Baba."

Suka sauke motar, Illo ya ɗura jan man da mazurari, ya tayar da ita. Suka zaga unguwa, Alhaji a gaba. Motar ta shiga giya sumul, ba tsayawa ba zabura, don sabon filtar ya yi aikinsa. Har Illo ya fara ce wa ransa ƙila Allah ya rufa asiri. Suka ajiye ta a ƙofa suka tafi sallar azahar.

Da suka dawo sai suka tarar da mace tsaye a gefen motar, ta ɗage gefen mayafinta tana kallon ƙasa. Hajiya Bilkisu ce, ma'aikaciyar asibiti, mai 'ya'ya uku a cikin yaran da Illo ke ɗauka. Ta biyo ne ta ji ƙarfe nawa zai zo gobe. A ƙarƙashin motar yashi ya jiƙe jawur, man na ɗiga ɗis, ɗis.

"Malam Illo," ta ce, "motar aka yanka?"

"Ɗan gyara ne, Hajiya. Gobe ina ƙofarki, in sha Allah."

"Allah ya sa. Ni dai in na shiga aiki ba a fitowa, ba ni da mai tsayawa bakin titi da yara." Ta yi musu sallama. Ba ta kai kwanar layi ba ta ɗora salula a kunne.

Alhaji ya sunkuya ya dangwali man ya murza. "Robar zamani ce, ba ta da kyau. Sun cuce ka."

"Ƙila, Baba," in ji Illo.

Madina na tsaye a bakin ƙofa da kwanon fura. Ita auta ce, bakinta bai saba tsoron mahaifinta ba. Ta ajiye kwanon.

"Ba robar ba ce, Baba. Tun jiya yake cika min kunne da cewa ba a matse ta. Yatsu uku, yatsu uku, har a kan tuwo yake nuna min."

"Madina!" in ji Illo.

Alhaji ya miƙe a hankali, hannu a ƙugu. Ya juyo ya fuskanci surukinsa.

"Ka sani?"

Illo ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake. Ka san ba a matsewa, kuma kai ka ɗauko min bututun da hannunka?"

"Na ji nauyinku ne, Baba."

"Nauyina!" Muryar tsohon ta tashi har awaki suka ɗago kai. "In ina tuƙi na nufi rami, kana kujerar gefe, sai ka yi shiru don na ba ka 'ya? Ni tirela na sani, ban taɓa buɗe cikin irin wannan motar ba. Da ka faɗa min, iyaka in yi tsaki in ba ka kilenka. 'Ya'yan mutane fa za ka ɗauka gobe. Da man nan bai zuba a nan ba, a kan gada zai zuba. Ka mai da ni maɓarnaci a ƙofar gidan 'yata, kana ce min haka ne Baba, haka ne Baba."

Alhaji ya karɓi rigarsa ya zura.

"A ina ka sayo?"

"Tallaje, wajen Nassirou. Amma yau Lahadi, a rufe yake."

"Nassirou ɗan Bello mai walda? Ubansa ya yi min yaron mota. Zai buɗe. Kai kuma kwance tasar kafin in dawo, ka bar tsayuwa kamar an dasa ka."

Ya tare ɗan kabu-kabu ya hau, rigarsa na kaɗawa.

Illo ya sake ɗaga motar. Ya tari ɗan man da ya rage, ya sauke tasar. Juwan ɗin ya tsage wuri uku. Allah ya taimake shi guntun bulon da ya karye ya bar ɗan kai a waje, ya kama shi da filaya yana murɗawa kaɗan kaɗan, gumi na shiga masa ido, har ya fito. Amma bakin tasar ya lotsa a kowane rami, inda bututu ya ja shi. Ko an sa sabuwar roba ba za ta kwanta ba. Ya zauna a ƙasa da tasar a cinya.

"Ka yi fushi da ni?" in ji Madina.

"Da kaina nake yi."

"To ka sha fura tukuna, sai ka ci gaba da yi."

Bayan la'asar Alhaji ya dawo da sabon juwan da bulon da galan. Ya karɓi tasar ya ɗaga ta saitin rana, ya rufe ido ɗaya.

"Wannan kam aikina ne. Kawo katako da ƙaramar guduma."

Ya kifa bakin tasar bisa katako yana bugawa a hankali, rami bayan rami, yana shafawa da babban yatsa, har ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. Illo bai san ana yin haka ba. Suka shiga ƙarƙashin motar tare, kafaɗa da kafaɗa, tsohon na tallafe da tasa, Illo na ɗaurawa. Da aka zo na ƙarshe Alhaji ya ce, "Ba ni in ji yadda ake yi." Ya riƙe kile da yatsu uku ya murɗa. Bulon ya kama. Hannun ya so ya ƙara.

"Baba," in ji Illo, "ya isa."

Alhaji ya saki kilen. Ya juyo da kai bisa kwali ya dube shi, sai ya fashe da dariya har yana tari.

"Auta! Zo ki ji, mijinki ya iya magana!"

Suka ɗura mai, suka zaga unguwa, suka duba sandar awon mai. Kafin magariba Illo ya shimfiɗa sabon kwali ƙarƙashin motar. Da asuba ya jawo shi, a bushe yake.

Ya bi gidaje yana hon, yara na fitowa da sababbin jakunkuna suna rigimar kujerar taga. Motar ta tafi sumul. A ƙofar Hajiya Bilkisu ya tarar da wata koriyar mota ta riga shi, 'ya'yanta uku na hawa. Ta ɗaga masa hannu daga nesa, shi ma ya ɗaga mata, ya wuce. Ya hau gada da yara tara, kogi na ƙyalli a ƙasa, ba ɗigon mai ko ɗaya a bayansa.

Abin da shirun ya ci masa kuwa ga shi: galan guda na jan mai da yashi ya shanye, juwan ɗaya, bulon ɗaya, yinin Lahadi sukutum, da kujeru uku na bayan direba da za su tsallaka gada ba kowa a kansu har ƙarshen shekarar karatu.