Makarar da Babu Ƙusa

Shagona na ɗinki yana manne da rumfar Malam Usumanu kafinta a Kwararafa, cikin Jos, shi ya sa na san abin da ya hana shi sakat.

A rikicin 2001 ya haɗa makara uku a yini ɗaya, dukkansu bugun ƙusa, don babu lokacin tsayawa. A ɗaya daga ciki aka ɗauki matarsa Madina. Wajen sauke ta, kan wata ƙusa ya kama likkafanin ya yage, ƙafarta ta bayyana a gaban maza. Shi ya tuɓe rigarsa ya rufe.

Bayan shekara shida, tsufa ya fara kama shi, sai ya sayo busasshen katakon maɗaci, ya ce zai yi wa masallacinmu makarar da babu ƙarfe a jikinta. Kowace mahaɗa sai ya huda, ya sassaƙa ɗan turken katako ya cusa. Duk gefen da ya gama, sai ya karɓi farin ƙyalle a wurina ya ja a kai. In zare ɗaya ya maƙale, aiki ya dawo sabo.

Ɗansa Sharafaddeen, oga guda mai injin yankan katako a Jos Jarawa, haushi ya ishe shi.

"Baba, ba ni awa biyu in gama maka. Gawa ina ta san ƙusa?"

"Ni na sani," in ji tsohon.

Ranar wata Talata da safe Malam Usumanu ya cika, saura mariƙi ɗaya bai sa wa makarar ba. Aka yi masa wanka, aka yi sutura, jama'a suka taru. Wani mai azarɓaɓi ya miƙa wa Sharafaddeen guduma da ƙusoshi huɗu. Wallahi zuciyata ta tsinke, don na san halinsa na gaggawa.

Ya daɗe yana kallonsu a tafinsa. Sai ya zube su, ya ɗauki wuƙar sassaƙar uban. Turken farko ya tsage, na biyu ya yi sako-sako, na uku ya yanke shi a yatsa. Liman ya duba agogo.

Da mariƙin ya zauna, ya ɗago ido jajawur ya ce mini, "Baba tela, ƙyallen."

Ya ja shi a jikin makarar daga kai har ƙafa. Bai maƙale ba.

"To, ku ɗauko shi," ya ce.