Aljihun Riga a Hagu Yake

Shekara talatin da huɗu Malam Zailani ya yi yana ɗinkin hannu a zauren gidansu da ke Kwarbai a birnin Zazzau, kuma ba riga ɗaya da ta taɓa fita da sunansa. Haka sana'ar take tun kakanni. Kai ne za ka zauna wata uku a kan babbar riga har idonka ya fara ruwa, dillali ya zo ya ninke ta ya kai Kano, a can a ce ɗinkin shagon Alhaji wane ne. Abin da mai ɗinki ya mallaka kawai shi ne alamarsa, wadda yake ɓoyewa inda ba mai dubawa. Ta Zailani ƙulli uku ne na koren zare a cikin wuyan riga ta baya. In ya hango riga a masallacin Juma'a ya zargi tasa ce, sai ya san yadda ya yi ya gaisa da mai ita, ya kai hannu wuyan kamar yana gyara masa. In yatsansa ya ji ƙullin nan uku, sai ya koma gida ya ci tuwo da daɗi.

Da inji ya fara cinye sana'ar, tsofaffin da suka san ta kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai ya sayi littattafan rubutu na 'yan makaranta ya fara rubuta abin da ya sani. Boko aji biyu ya yi aka cire shi, don haka da ajami ya rubuta. Yadda ake zana aska biyu da aska takwas, yadda ake murɗa tambari, zagayayyen adon nan, kada ya karkace, wa ya koya wa wa, wane gida ne suka fi iya cika ƙananan ramuka. Shekara bakwai yana yi, bayan la'asar, in haske ya fara gaza wa allura.

Ƙanwarsa Tayyiba, wadda take aikin sakatariya a ofishin gwamnati, ita ta juya rubutun zuwa boko a kwamfuta. Ita ce kuma ta kawo Dakta Haisam Jalo, wani malamin nazarin al'adu mai fara'a da yawan cewa "madalla". Dakta ya rubuta gabatarwa shafi huɗu, ya jera sunayen littattafan Turanci a ƙarshe, ya ɗauki hoton rigar Zailani, ya kai wa masu bugawa.

Ranar da kwalaye suka iso, Zailani ya zaro ɗaya ya kai kusa da idonsa. Karatun bokonsa a hankali ne, amma yana isa. A sama, da manyan baƙaƙe: Dakta Haisam Jalo. A ƙasa, da ƙanana kamar tururuwa: daga bakin Malam Zailani Kwarbai.

"Daga baki?" ya ce. "Da hannu na rubuta, Tayyiba. Ke shaida ce."

"Yaya, ka yi haƙuri. Sunansa ne zai shigar da littafin makarantu. Kai wa ya san ka a can?"

"To shi wa ya san shi a nan?"

Daga nan ya bar maganar. Ya saba. Dillali ne ya sake zuwa, wannan karon da tabarau.

Aka fara yawon tallar littafi. Zama na farko a wani shagon littattafai ne a Tudun Jukun. Aka ajiye wa Dakta tebur da ƙyalle fari da biro mai tsada, mutane suka yi layi yana sa hannu. Shi kuma Zailani aka ba shi kujerar roba a gefe, aka rataye riguna uku a bayansa. Wata hajiya ta tambaye shi ko yana rage tsawon wando. Zama na biyu a wata makarantar sakandare ma haka, sai dai a can ko kujerar ba a tuna da ita ba, a kan dakali ya zauna. Duk ya shanye.

Abin da ya kasa shanyewa Labaran ne ya kawo shi. Labaran abokin ɗinkinsa ne tun suna sa zare a allurar manya, kuma bakinsa bai taɓa hutawa ba. Ya shigo zauren da hantsi da littafin a hannu, yana dariya tun daga ƙofa.

"Marubuci! Ashe ka canza mana sana'a ba ka faɗa ba?"

"Faɗi abin da ya kawo ka."

"Yaushe ka fara ɗora aska a dama? Ko rigar bahago ce?"

Ya cilla masa littafin a cinya. Zailani ya duba. Sati uku yana kallon bangon nan, amma idonsa a kan suna yake tsayawa, bai taɓa sauka kan hoton ba. Rigarsa ce, fara mai koren aiki, guda ɗaya tal da ya taɓa ɗinka wa kansa. Masu bugawa sun juya hoton don rubutu ya samu wurin zama. Aljihu da askoki takwas duk sun koma kafaɗar dama.

"Jiya a majalisar bakin masallaci har hawaye aka yi," in ji Labaran. "An ce mutumin da ya rubuta littafi a kan riga bai san inda aljihu yake ba."

"Wa aka ce ya rubuta?"

"To, wajen kuskure kam, sunanka ake kira. Wa zai kira Dakta a Kwarbai?"

Zailani ya daɗe yana kallon bangon. Yabo na Dakta, dariya tasa. Ya ajiye littafin, ya ɗauki allura ya ci gaba da aikinsa, amma sai da ya warware layi biyu.

Asabar ɗin makon aka shiga rana ta biyu ta wani taron marubuta a wani babban ɗakin taro a Tukur-Tukur. An zo daga Kano, daga Katsina, daga Gusau. An sa littafin a jadawali bayan azahar. Zailani ya yi wanka ya saka rigar nan. Ya ɗauko littattafansa na ajami guda tara ya ɗaure da igiya ya zura a aljihu, suka shige har da saura wuri. Ya ƙara allura biyu da ƙwaryar koren zare.

Tayyiba ta tsaya a tsakar gida tana kallonsa.

"Yaya, don Allah kar ka ba ni kunya. Mutanen ofishinmu za su zo."

"Tambaya ɗaya zan yi."

"Na san tambayoyinka."

A ɗakin taron an jera manya a kan dandamali, kati a gaban kowa. Na Dakta an rubuta Marubuci. Shi Zailani aka nuna masa wani tebur kusa da ƙofa, tsakanin mai sayar da turare da mai zoɓo. Dakta ya yi magana minti arba'in. Ya iya magana, wannan ba a raba shi da ita. Ya ce "bincikenmu" sau da yawa, ya ce ya "shiga lunguna ya tattaro daga bakin masu sana'a", ya nuno Zailani daga nesa aka yi masa tafi kaɗan.

Mai gabatarwa, Malam Ashiru, ya ce lokacin tambayoyi ya yi. Zailani ya ɗaga hannu. Ashiru ya kalli wani gefen. Aka yi tambaya biyu, hannun yana sama. A ta uku Zailani ya miƙe, ya ratsa tsakiyar kujeru ya tsaya gaban dandamali.

"Malam, za a kawo maka makirfo in lokacinka ya..."

"Muryata ta isa." Ya ɗaga littafin sama. "Dakta, ni jahili ne, a taimake ni. Me ya sa aljihun rigar da ke bangon nan yake a dama?"

Dakta ya ɗauki nasa ya duba. Da ya ce bai lura ba, da maganar ta mutu a nan. Amma mutum ɗari uku suna kallonsa, kuma bai saba cewa bai sani ba. Ya gyara tabarau ya yi murmushi.

"Madalla. Tambaya mai kyau. Ai wannan tsohon salon Zazzau ne. Magabata suna fifita dama, don haka a wasu gidajen ɗinki akan ɗora aljihu a dama saboda neman albarka."

Wasu suka gyaɗa kai. Wata ɗaliba ta rubuta.

"Waɗanne gidaje?" in ji Zailani.

"To, bincike yana ci gaba..."

"Ga rigar nan a jikina. Ita aka ɗauka a hoto. Ni na zana, ni na ɗinka, wata huɗu." Ya buɗe hannuwa ya juya ga jama'a. "Duk mai babbar riga a ɗakin nan, don Allah ya sa hannu a aljihunsa."

Layin gaba duk alhazai ne da manyan riguna. Ba su ma yi tunani ba. Hannuwan dama wajen ashirin suka tsallaka ƙirji suka faɗa hagu a lokaci guda. Wani tsoho ya duba hannunsa, ya duba bangon, ya fashe da dariya har hularsa ta zame. Daga nan dariyar ta bi ɗakin zuwa baya.

"A hagu ake sa shi don hannun dama ya shiga," in ji Zailani. "Wannan ita ce albarkar. Ba wata."

Dakta ya matso da makirfo. "Da alama kuskuren maɗaba'a ne."

"Yanzun nan tsohon salon Zazzau ne."

Ashiru ya fara cewa a yi haƙuri, a mutunta baƙi. Zailani bai ko kalle shi ba. Ya zura hannun dama a aljihu ya zaro littattafan nan tara, ya dire su a kan teburin manya, kusa da robar ruwan Dakta.

"Wannan shi ne bakin da aka tattaro daga gare shi. Shekara bakwai. Mai iya ajami ya zo ya gwada da na bokon, in ya samu layi ɗaya da ba nawa ba bayan shafi huɗun farko, in cire rigar nan in ba shi. Dakta ya yi ɗawainiya, ya kai maɗaba'a, Allah ya saka masa. Amma dillali bai taɓa zama maɗinki ba don ya ɗauki riga ya kai kasuwa. Na bar riguna sun tafi babu sunana. Wannan ba zai tafi ba."

Ya juya ya nufi teburin sa hannu mai farin ƙyalle da aka tanadar wa Dakta, ya ja kujerar ya zauna. Katin da ke kai ya kife shi.

Tsohon nan mai dariya ne ya fara zuwa da littafinsa. Zailani ya karɓa, ya kama bangon ya yage shi ƙyat.

"Malam, sabo ne fa!"

"Ƙarya ce a jiki, Alhaji. Na cire maka ita."

A shafin farko ya rubuta sunansa da ajami, manya-manya, daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ya zaro allura ya huda takardar a ƙarƙashin sunan, ya yi ƙulli uku na koren zare, ya ciza ya tsinke. Alhajin ya shafa wurin da yatsa, sai kamar ya tuna wani abu, ya kai hannu bayan wuyan rigarsa ya laluba, ya tsaya.

"Kai! Wannan a Kano na saye ta. Aka ce ɗinkin shagon..."

"Na gan ta tun kana shigowa. Shekara shida ke nan. Tambarin baya ya ba ni wahala."

Layi ya taru. Ba sauri a aikin, kowane littafi sai ya ci minti uku. Wasu suka ce ba za a yaga musu bango ba, ya ce to ga Dakta can, suka tafi. Ashiru ya zo sau biyu yana nuna agogo. Dakta ya tattara takardunsa, ya tsaya wajen Tayyiba ya faɗa mata cewa maganar shigar da littafin makarantu ta ƙare, ya fita.

Tayyiba ta zo ta tsaya a kan yayanta, idonta ja.

"Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji."

"Gobe ma sun ce kar ka zo."

"Dama ina da aiki."

Ta tsaya tana kallonsa yana neman ramin allura, haske ya fara raguwa, zaren yana ta kaucewa. Ta ja tsaki, ta fizge allurar ta zura masa, ta ɗauki ta biyun ma ta zura ta ajiye. Kafin a kira magariba sun yi littafi ashirin da uku. Yagaggun banguna suka taru a ƙarƙashin tebur.

Washegari da hantsi yana zaure a kan wata shuɗiyar riga, sai ga Labaran da littafinsa a hammata.

"An ce jiya ka tashi taron 'yan boko."

"An ƙara gishiri."

"To ni nawa fa? Har yanzu aska tana dama."

Zailani ya miƙa hannu ya karɓa, ya yage bangon ya ba shi ya riƙe. Ya rubuta sunansa. Ya ɗauko koren zare.

"A fili kuma?" in ji Labaran. "Alama ai a ɓoye take."

"Ta jikin riga ke nan," in ji Zailani, ya huda takardar.